Jitar Mati Tana Jin Walƙiya

Litinin, bayan la'asar. Kwana tara babu ruwa.

Shekara talatin da bakwai ke nan da na baro Funtuwa na dawo garin nan, har yau ba a taɓa zaunar da ni an ce, Mati, kai me ka gani ba. Za a raba iyakar gona, a kira Jibril. Za a gyara masallaci, a kira Jibril. Jibril ɗin, ƙanena, da ni na goya shi, ya jiƙa mani baya ba sau ɗaya ba. Sai injin niƙa ya tsaya ko famfo ya ƙi kawo ruwa ake tuna akwai Mati. In na gyara a ce Allah ya biya, a koma kirana Mai Gunji.

Laifina ɗaya, na dawo da jita a kafaɗa. Ba irin ta samari mai kukan sauro ba. Bes ce, tsirkiya huɗu, babbar ta kai kaurin wayar birkin babur. Ta ƙungiyar kiɗan ma'aikata ce a gidan gurzar auduga inda na yi aikin fita, wato gyaran injuna. Da ƙungiyar ta watse kowa ya ɗauki abin da ke waƙa, aka bar ta jingine da bango, wai ba ta iya komi sai gunji. Na ɗauke ta. Shekarar farko na cire mata ƙarafan nan da ke gicciye a wuya, don sun hana ta faɗin abin da gurmi ke faɗi, na cike gurbinsu da ƙaro da garin kirya. Daga nan babu inda ban taɓa ba a jikinta.

Akwai abin da na sani, matata Hansai kaɗai na gaya wa, tunda ba wanda ya tambaye ni. Ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai abin da nake kira kunne. Maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, shi ke ɗaukar motsin tsirkiya ya kai wa sifika. In damina ta yi, kunnen nan yana jin walƙiya tun ido bai gan ta ba. Ba ka taɓa komi ba sai ka ji sifika ta yi ƙas, ƙas, kamar ana karya karan dawa. Shekara da shekaru, in ta yi haka da azahar, kafin isha'i an yi ruwa. Da ita nake cewa Hansai ta kwashe shanya.

Kwana tara ba ta ce ƙas ba.

Talata, hantsi. Kwana goma.

Tunda ba aikin gona, na kwance kunnen. Tun rani nake son in ƙara wa muryarta kauri. Na samu tsohon kwayil na babur wurin wani bakanike a Malumfashi, wayar cikinsa siririya kamar gashin jariri. Na ari keken ɗinkin Hansai, na ɗaure maganaɗisun inda ake naɗa zare, na goga alli a gefe don ƙirga. Ita ke takawa a hankali, ni ke riƙe da wayar da yatsa biyu. Kowane zagaye ɗari in jefa ƙwarar masara ɗaya a gwangwani.

Tsohuwar wayar da na warware ƙwara hamsin ce. Sabuwar na kai ta tamanin da biyar, sau biyu tana tsinkewa ina haɗawa da dalma. Hansai ta ce shekara arba'in muna tare ban taɓa riƙe ta da lallami irin yadda na riƙe wayar nan ba. Na ce ai ita ba ta tsinkewa. Ta ce in ci gaba da gwadawa.

Na tsoma shi cikin narkakken kakin zuma, na ajiye a inuwa ya daskare.

Laraba, da rana tsaka. Kwana goma sha ɗaya.

Masara ta fara naɗe ganye.

Alhamis, bayan azahar. Kwana goma sha biyu.

Na mayar da kunnen, na jona batirin sola. Na taɓa babbar tsirkiya sau ɗaya.

Ban san yadda zan rubuta ba. Ban ji ta a kunne ba, a haƙarƙari na ji ta. Ruwan randa ya yi zobe-zobe yana tahowa tsakiya. Ƙasa ta zubo daga azara. Akuyar Hansai da ke tuƙa a gindin turke ta tsaya da ciyawa a baki. Itace ne fa da waya da wani ɗan ƙarfe, ni na haɗa su da hannun nan nawa, amma abin da ya fito ya fi ƙarfina. Na daɗe zaune ina sauraren yadda muryar ke tafiya tana sirancewa, ta fi tsawon Fatiha kafin ta ɓace.

Sai na ɗauke hannu. Sai na ji ƙas.

Na fita tsakar gida. Sama fes, ko gajimare kamar tafin hannu babu. Na dawo. Ƙas, ƙas-ƙas. Tsigar jikina ta tashi. Allah mai iko. Wani wuri bayan abin da ido ke kaiwa wuta tana tsaga sama, ga shi tana ƙwanƙwasa mani ƙofa a cikin ɗaki.

Juma'a, bayan an sauko masallaci. Kwana goma sha uku.

Jiya ba a yi ruwa ba. Wataƙila ta riga shi da kwana guda ne.

Liman ya ce gobe a fita roƙon ruwa. Da muka zauna teburin Maiwada mai shayi, ya fara halinsa, wai a tafi da Mai Gunji filin idi ya yi wa hadari kiɗa ko ya taso. Aka yi dariya. Ni da Maiwada tun muna kiwon awaki muke haka, amma yau ban iya haɗiyewa ba. Na ce su yi dariyarsu, ruwa yana hanya, jitata ta ji shi tun jiya. Na faɗi abin da na yi shekara talatin ina riƙewa, a gaban kofin shayi.

Da la'asar Jibril ya yi sallama a zaurena. Ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa, ba a kan benci ba. Na kunna mashi, ya saurara da kansa. Ta yi mashi ƙas sau bakwai.

Ya ce masararsa tana wuce lokacin taki. Buhu uku na yuriya ya ajiye, su ke nan gare shi. Gonar kau tana ƙetaren rafi, in ruwa ya sauka rafi ya kawo sai a kwana uku amalanke ba ta ƙetare ba. In ya zuba ruwa ya biyo baya, ya tsira. In ya zuba a busasshiyar ƙasa rana ta bi ta kai, ni ma na san sauran.

Ya ce, "Yaya, kai me ka gani? In zuba?"

Na ce, "Zuba."

Da ya tafi na shiga ciki na ce Hansai ta maimaita mani abin da ta ji ya ce, don tana bayan ƙyaure. Ta maimaita. Na ce ta sake.

Asabar, bayan magariba. Kwana goma sha huɗu.

An fita roƙon ruwa da safe, har da dabbobi. Daga filin Jibril ya wuce gona da 'ya'yansa. Sun gama gangaren tudu duka, buhu ukun sun ƙare kafin su kai ɓangaren fadama.

Jita tun azahar ba ta huta ba, kamar ana toya gyaɗa. Mutum biyar sun zo zaure sun saurara. Maiwada bai yi dariya ba.

Ni gwiwata ke ciwo, ban fita gona ba.

Lahadi, bayan isha'i. Kwana goma sha biyar.

Taurari.

Litinin, hantsi. Kwana goma sha shida.

Tana yi har yanzu. Ba ta yi ƙarya ba, ba ta taɓa yi ba. Na duba wayoyin duka ko wata ta saki, ba wadda ta saki. Na canza batir. Na kai ta ɗakin Hansai, na kai ta bayan rumbu. Ko'ina ƙas.

Na wuni ina goge wuyan jitar da man gyaɗa. Itacen ya yi duhu ya yi kyau. Na ga jakin da tsirkiyoyi ke hawa ya ɗan lotsa, na sassaƙa wani da ƙahon sa. Aiki ne mai son natsuwa. Ya cinye mani wunin, na gode mashi.

Talata, da safe. Kwana goma sha bakwai.

Na je gonata ta hanyar makabarta. Ta fi nisa amma ta fi inuwa.

Laraba, bayan la'asar. Kwana goma sha takwas.

Hansai ta ƙetare rafi neman itace. Da ta dawo ta ajiye itacen, ta sha ruwa, ta zauna. Na ce yaya. Ta ce ganyen ƙasa sun zama kamar an bi su da wuta, kana taɓawa suna marmashewa. Ban tambaye ta gonar wa ba.

Jibril ya zo. Bai cire takalmi ba. Ya tsaya a bakin zaure, bai dube ni ba, bai dubi jita ba. Kusurwar da na lulluɓe da buhunan wofi yake kallo. Iska ta ɗage gefe ɗaya, buhunan takina biyu suka bayyana, ban lura ba sai lokacin. Ya daɗe yana kallo. Na ce mashi gwiwata ce. Ya juya.

Na yi mashi sai anjima, bai amsa ba.

Alhamis, bayan asuba. Kwana goma sha tara.

A sahu Jibril ya bar mutum biyu tsakanina da shi. Da aka sallame na miƙa hannu, ya ba ni yatsu, bakinsa bai motsa ba.

Alhamis, da walaha.

Liman, Malam Abdussamad, ya zo da kansa. Na ɗauka faɗa ya kawo, na shirya nawa. Na ce mashi tun kafin ya zauna, ni ban duba ƙasa ba, ban jefa wuri ba, ban ce na san gaibu ba. Ya ce ya sani, in kunna mashi.

Ya sa kunne kusa da sifika kamar mai sauraren cikin mara lafiya. Da ta yi ƙas ya ɗago ya yi tasbihi a hankali. Ta sake, ya sake. Ya ce a karatunsa ya san tsawa tana tasbihi, amma bai taɓa zaton zai ji walƙiya da rana tsaka a zauren Mati ba. Daɗi ya kama ni, ba zan ɓoye ba.

Da zai tashi ya ce, "Baba Mati, ta gaya maka ana walƙiya. Ta gaya maka a ina?"

Na ce shekara talatin ba ta buƙaci faɗi ba. Ya ce to. Ya sa takalminsa.

Malamai haka suke, su jefa maka tambaya su tafi su bar ka da ita.

Juma'a, bayan magariba. Kwana ashirin.

Ba wanda ya zo saurare yau. Maiwada ya aiko da shayi ba tare da magana ba. Gara ya zage ni.

Asabar, bayan la'asar. Kwana ashirin da ɗaya.

Zan rubuta wannan yadda ya faru.

Rukayya 'yarmu da ke aure a Zariya ta kira uwarta. Hansai tana bakin ƙofa da waya, ni ina ciki jita a kunne tana ta ƙas. Na ji Rukayya tana cewa za ta kashe, hadari ya haɗo masu, ana walƙiya. Na ce Hansai ta ce kar ta kashe. Na ce ta fita baranda ta dubi sama, duk walƙiyar da ta gani ta ce ga ta.

Ta ce, "Baba, lafiya kuwa?"

Na ce ta yi abin da na ce.

Muka yi shiru. Sifika ta yi ƙas. Rukayya ta ce ga ta. Shiru. Ƙas-ƙas. Ta ce ga ta, biyu ma. Sau goma sha ɗaya muka yi, sau tara suna zuwa daidai, har jita tana riga bakinta. Daga nan ruwa ya sauko masu, ina jin shi a kan kwanonsu ta cikin waya, mu kau rana tana dukan bangon gidanmu.

Zariya. Mota sai ta yi awa biyu. Wayar da ba ta kai gashin jariri ba, a ɗakin ƙasa, ta ji abin da ke faruwa a saman Zariya kafin 'yata ta buɗe baki. Na zauna a ƙasa. Hansai ta ce kuka nake, na ce zufa ce. Ban taɓa jin ƙanƙantar kaina da girman abin da Allah ya shimfiɗa a samanmu kamar yau ba. Ashe duk kwanakin nan sama ba ta yi shiru ba, magana take ta yi a garuruwan mutane.

Sai daga baya ɗayan abin ya iso mani. Ƙwara hamsin tana jin hadarin da ke kanmu. Tamanin da biyar tana jin na duniya. Ni na ƙara talatin da biyar ɗin ranar Talata, da hannuna, don murya ta yi kauri. Ranar Juma'a na ce zuba.

Lahadi, hantsi. Kwana ashirin da biyu.

Na narkar da kakin. Hansai ta taka keke da baya, ina warwarewa, kowane ɗari in cire ƙwara ɗaya daga gwangwani. Ba ta yi wasa ba yau. Da muka cire talatin da biyar na ce ta tsaya.

Ta ce, "Malam, gwiwar taka wace ce ma ke ciwo?"

Na ce ta dama. Ta ce ranar Asabar ɗin ta hagu na ɗaure.

Lahadi, bayan azahar.

Ba gwiwa ba ce. Ranar Alhamis ta yi ƙas, ba a yi ruwa ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Na sani. Na ce a raina bari in ga na Asabar tukuna kafin in taɓa buhu biyuna na taki. Shi kau da ya zauna a ƙasa ya ce Yaya me ka gani, bakina ya kasa cewa ban tabbata ba. Shekara talatin da bakwai ina jiran tambayar, ta zo, in ce ban sani ba?

Na rubuta. Ba zan sake karantawa ba.

Litinin, bayan la'asar. Kwana ashirin da uku.

Na mayar da kunnen. Muryar ta koma irin ta da, randa ba ta motsi. Na yi kewar waccan, ba zan yi ƙarya ba.

Shiru take. Wunin nan duka shiru. Sama ma shiru. Yanzu bakinsu ɗaya.

Talata, da safe. Kwana ashirin da huɗu.

Na bi ta hanyar rafi. Na gani da idona. Masarar tudun Jibril ta tafi. Ɓangaren fadama da takin bai kai ba yana nan tsaye, kore-kore, ya rame amma da ransa. Wajen kashi ɗaya cikin uku ne. In ya samu ruwa da taki zai kai gidan Jibril wani wuri. In ruwa ya zo babu taki, kara zai girba.

Jibril yana can ƙarshen kunya, ya ba ni baya. Na yi mashi barka da aiki. Tsuntsaye ne suka tashi.

Laraba, bayan azahar. Kwana ashirin da biyar. A zauren Jibril.

Ina alwala Hansai ta kira ni. Ƙas. Da kunnen ƙwara hamsin. Na tsaya na ƙirga, kafin in gama salla ta yi goma sha huɗu, tana ƙara matsowa. Na sa Hansai ta kira Rukayya, ta ce su can rana ake. Ta kira ƙanwarta a Dandume, ta ce gabas ta yi masu baƙi, wato wajenmu. Na fita, iska ta juya, tana ƙanshin ƙasa.

Ban ce na tabbata ba. Ba zan sake cewa ba. Amma na ari amalanken Maiwada, ya kama mani muka ɗora buhu biyun nan, ya ce in ruwa bai zo ba wannan karon shi da kansa zai sa jitar a murhun shayi. Na ce ya ja shanu ya bar surutu. Jitar tana kafaɗata, ƙaramar sifika da batir suna cikin amalanke. Duk garin sun gan ni. Su gani.

Ga ni zaune. Amalanke tana ƙofar gida, shanun suna kaɗa wutsiya. Takalmin Jibril yana bakin ƙofar ciki, na ji tarinsa. Na yi sallama sau uku. Na san in an yi uku ba a amsa ba tafiya ake. Ba inda za ni.

Na faɗa da ƙarfi yadda matansa ma za su ji: ba gwiwa ba ce, tsoro na ji na ɓoye maka, na bar ka ka zuba naka na riƙe nawa. Na faɗa sau biyu. Labule bai motsa ba.

Sifika tana ta yi a gefena. Yanzu har na fara jin cida da kunnena, can ƙasa-ƙasa, irin muryar babbar tsirkiya. In rafin nan ya kawo kafin mu ƙetare, kwana uku ne, kuma masarar fadama ba ta da kwana uku. Tawa gonar ta jira, ba ita ta kawo ni ba.

Jibril, ban ce ka yafe ba. Ka fito ka zage ni a gaban Maiwada, ka kira ni Mai Gunji, ka ce ba ni ba kai har kabari, zan ɗauka. Amma mu ƙetare da takin nan, ko in juya da shanun mutane? Na yi sallama ta huɗu. Ni yayanka ne, ina ƙofarka, hadari ya taso. Ka amsa mani.